Yadda muka fara ƙera wasannin kwamfuta da yaran da ba sa zuwa lakwal

Ina da ƙaramin shago a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi, inda nake buga wa mutane takardu, in yi fotokofi, in tsara katin ɗaurin aure da na suna. Jarina kwamfuta biyu ce ta tebur, sai wata tsohuwa ta hannu wadda batirinta ya daɗe da mutuwa. Tsakanin azahar da la'asar ciniki yakan kwanta, injinan su zauna ba aikin fari ba na baƙi. A daidai wannan lokaci ne kuma samarin unguwa suke cika shagon da ke kallon nawa, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo a PlayStation. Yawancinsu ba sa zuwa lakwal. Wani a CM2, ajin ƙarshe na firamare, ya tsaya, wani an sallame shi daga koleji don makinsa bai kai ba, wani almajiri ne da bai taɓa taka aji ba, wani kuma mahaifinsa ne ya cire shi don ya tsare masa tebur a babbar kasuwa. Cikinsu har da ɗan yayata mai shekara 15, wanda ya bar karatu bayan rasuwar babansa ya koma tura baro.

Shi ne ya jawo maganar. Wata rana yana taya ni jera takardu ya ce, "Kawu, wai waɗannan wasanni su wa ke yin su?" Na ce mutane ne kamar ni da kai, suna zama su rubuta wa inji abin da zai yi. Ya ce, "To ai kai ma kana da injin." Ban ba shi amsa a ranar ba, amma maganar ta zauna mini.

Wani abokina da ya yi karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ne ya nuna mini Scratch. Manhaja ce ta kyauta da aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka, a ƙarƙashin jagorancin Mitchel Resnick, aka sake ta ga duniya a 2007, kuma zubi na 3 da muke amfani da shi ya fito a farkon 2019. An yi ta ne domin yara masu shekara 8 zuwa 16. Abu biyu suka ja ni gare ta. Na farko, in ka sauke ta sau ɗaya, ba ta ƙara neman intanet, wanda ga mai sayen megabayit da kuɗin cefane ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, ba a rubuta umarni da dogon rubutu. Umarnin yana nan a shirye cikin tubala masu launi, sai dai ka jawo ka haɗa wani a ƙarƙashin wani, kuma tubalin da bai dace da wuri ba ba zai ma shiga ba. Na yi ƴan makonni ina koyon abin da dare bayan na rufe shago, har na iya sa magen nan da ke fitowa a fuskar manhajar ta bi linzami, wato abin da ake ja da hannu a nuna wuri a fuskar kwamfuta, tana kuka.

Kafin in zaunar da yaro ko ɗaya, sai da na bi gidaje. Wannan shi ne mataki mafi nauyi, kuma duk wanda zai yi irin wannan aiki ya tsallake shi, to yaransa za su watse cikin wata guda. Yaron da ba ya zuwa lakwal ba zaman banza yake ba. Awa biyun da zai yi a wurina, awa biyu ce da aka cire daga talla, ko tura baro, ko ɗibar ruwa, kuma gidansu ne zai ji a tukunya. Yayata ta ce mini, "Ni ban hana ba, amma ranar Litinin da Juma'a kasuwa ke ci, kada ka taɓa mini shi." Haka muka bar ranakun nan. Malamin almajiran da ke bayan shagona, na same shi bayan la'asar na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina neman arziki ne a ba ni aron yara biyu ranar Alhamis, tun da babu karatu." Ya yi mini tambayoyi masu ma'ana. Ya ce wasan nan ba caca ba ce? Na ce ba kuɗi a ciki, ba a ci ba a biya. Ya ce ba zai hana su salla ba? Na ce ana kiran la'asar muke kashe inji. Sai ya kawo maganar zanen abu mai rai. Ban yi jayayya da shi ba, don ba fagena ba ne. Na ce almajiransa za su yi aiki da duwatsu da layuka da lambobi, kuma na cika alkawarin.

Wani Alhaji mai sayar da atamfa shi ne ya yi mini tambayar da ta fi kowace wuya. Ya ce, "Yaro, in ɗana ya iya wannan abu, nawa zai riƙa samu?" Na ce, "Alhaji, gaskiya a garin nan yau babu mai sayen wasan kwamfuta a hannun yaro. Abin da zan iya lamunce maka shi ne zai iya buga takarda, ya tsara tallar shagonka, ya rubuta lissafin kaya a inji. Wasan kuwa shi ne zai riƙe shi a kujera har ya koyi sauran." Ya yi shiru, sannan ya ce a gwada. Har yanzu ina ganin gara a faɗi haka tun farko da a cika wa iyaye kunne da labarin miliyoyin da ake samu a ƙasashen waje.

Maganar ƴan mata ta zo da nata sharaɗin. Uwayensu ba su yarda su zauna a shago cikin samari ba, kuma ban ga laifinsu ba. Sai muka ware musu safiyar Asabar a tsakar gidanmu, maiɗakina tana zaune tare da su, ni kuma in ɗauko ta hannun nan in ja mata waya daga ɗaki.

Zaman farko ba mu kunna komai ba, abin da ya ɓata wa wasu rai. Fita muka yi bayan shago, na ce ɗaya ya zama kwamfuta, ba ya yin komai sai abin da aka faɗa masa, kuma daidai yadda aka faɗa. Sauran su kai shi wurin tulu ya ɗebo ruwa. Aka ce masa "tafi", ya miƙe ya yi ta tafiya har ya dafa bango, don ba wanda ya ce ya tsaya. Aka ce "juya", ya yi ta juyawa a wuri ɗaya. Dariya ta cika wurin, amma kafin a tashi sun gane da kansu cewa dole a ce taku nawa, a juya ta wane hannu, a tsaya in an taɓa me. Daga nan na ce kowa ya faɗi dokokin wasan da ya fi sani, langa ko dara ko ɓuya, yadda baƙon da bai taɓa gani ba zai iya yi ba tare da ya yi tambaya ba. Nan ne na ga abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Yaran nan sun san doka, sun san gardama a kan doka, sun san inda ake maguɗi. Wanda ya taɓa raba rigimar langa a kan ko ƙafa ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba, ya riga ya san rabin aikin mai tsara wasa.

Sai aka zo kan linzami da madannai. Wannan ya ci lokaci, babu kuma abin faɗa da yawa a kansa sai haƙuri. Hannun da ya saba da baro yakan danne linzami da ƙarfi har ya ja abin da ba a so. Kowa ya buɗe ma'aji da sunansa, kuma ga wasu wannan ne karo na farko da suka rubuta sunansu da boko. Madannanmu irin na Faransa ne, masu farawa da AZERTY, kuma babu ƙ da ɗ da ɓ a kansu, sai na ajiye haruffan a wani fayil ana kwafowa. Akwai wani yaro da iyayensa suka gudo daga Zamfara ta wajen Gidan Rumji, cikin dubban da rikicin ƴan bindiga ya koro tun 2019. Ya yi firamare a can, saboda haka Faransanci bai shige shi ba. Da yake manhajar tana da wurin sauya harshe, in ya zauna sai ya mai da ita Turanci, in ya tashi a mayar. Waɗanda ba su karanta ko ɗaya kuwa launi ne ya cece su. Tubalan motsi shuɗaye ne, na farawa ruwan ɗorawa, na sharaɗi da maimaici ruwan goro, na lissafi kore. Da launi suka fara, daga baya suka soma gane kalmomin da ido, daga nan wasu suka fara tambaya ta yadda ake haɗa baƙaƙen.

Wasanmu na farko na jar akuya ne, irin tamu ta Maraɗi da fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Akuya tana shigowa gona daga gefe, yaro da sanda yana korar ta da madannan kibiya, in ta kai ga gero a rage dami ɗaya. Su suka zana akuyar a takarda, muka ɗauki hotonta da waya muka shigar, suka goge farin da ke kewaye da ita. Kukan kuma na akuyar maƙwabta ne, sun bi ta da waya har ta yi.

A nan muka ci karo da lissafin da na ɗauka zai kayar da su. Filin wasa a Scratch faɗinsa 480 ne, tsayinsa 360, kuma sifili yana tsakiya. Zuwa dama lamba tana hawa har 240, zuwa hagu tana sauka har 240 a ƙasa da sifili. Yaron da ya tsaya a CM2 bai taɓa jin akwai lambar da ta gaza sifili ba. Na ce musu su ɗauke ta kamar bashi: dama kuɗin da ke aljihunka, hagu wanda ake bin ka, tsakiya ba ka da ko dala kuma ba mai bin ka. Ɗan mai atamfa ya ce, "Mushe, ke nan in ana bi na 50 na samu 70, ina dama da 20." Shi ke nan, ban ƙara bayani ba.

Matsalar da ta fi koya musu abu ita ce ta damman gero. Mun sa dami 10. Akuya na taɓa gona sai lambar ta zube, kafin ƙiftawar ido ta wuce sifili ta shiga bashi. Samarin suka ce inji ya lalace. Na ce inji lafiyarsa lau, abin da kuka ce shi yake yi, ku nemo. Sun wuni ba su samu ba. Ranar Asabar na kai wa ƴan matan matsalar yadda take. Wata yarinya mai shekara 14, mai tallar ƙuli-ƙuli, ta daɗe tana kallo, sai ta ce, "Kawu, ai ba a ce mata ta ci sau ɗaya ba. Muddin tana tsaye a kan geron, ci take yi." Gaskiyarta. Manhajar tana zagaya umarnin maimaici kusan sau 30 a daƙiƙa guda, kuma kowane zagaye tana tarar da akuya a kan gero ta rage ɗaya. Yarinyar ta ce da zarar ta ci a mayar da ita bakin gona. Tubali ɗaya ta ƙara, wasa ya daidaita. Da na faɗa wa samarin wanda ya warware, wasu ba su ji daɗi ba, amma daga ranar suka daina cewa inji ya lalace.

Ita dai yarinyar ce ta kawo wasa na biyu, na canji. Mai saye ya zo ya ɗauki kaya, ya miƙa kuɗi, kai kuma ka ba da canji kafin lokaci ya ƙare. Abin da ya sa wasan ya zama namu shi ne yadda muke ƙirga kuɗi. A baki dala muke cewa, a takarda kuma sefa ake rubutawa, dala ɗaya sefa 5. Wanda ya sayi ƙuli-ƙulin dala 35 ya ba da dala 100, canjinsa dala 65 ne, amma a rubuce 325 za a gani. Yaran talla suna yin wannan da ka cikin sauri fiye da ni, sai dai da yawa ba sa iya karanta farashin da aka rubuta a jikin kaya. Ta sa wasan ya riƙa nuna duka biyun, koren tubalin ninkawa yana ninka dala sau 5. Ƙannenta da ba su kai shekara 10 ba sun koyi karanta lambobi a kansa. Duk rubutun da ke cikin wasannin nan da Hausa muke yin sa, muryoyin ma nasu ne. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ni kuwa ina so yaro ya kunna inji ya ji ya yi masa magana da harshen da ake yi masa a gida.

Wuta ta wahalar da mu, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ga ɗaukewa ba sanarwa. Wani almajiri ya yi aikin yini guda bai ajiye ba, wuta ta tafi da shi, ya fita waje ya zauna bai ce wa kowa komai ba. Daga nan muka kafa doka: duk wanda ya ƙara abu ya gwada ya ga ya yi, ya ajiye kafin ya ƙara wani, kuma a ƙarshen zama kowa ya kwafe aikinsa a kile, ƴar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. In wuta ta ɗauke ba ma tashi. Takarda muke ɗaukowa a zana abin da za a yi in ta dawo, kuma na lura wasannin da aka fara zanawa a takarda sun fi fita da tsabta.

Almajirin nan da ɗan yayata su ne suka ɗauko dara, aikin da ya fi ƙarfin abin da na sani a lokacin, tare muka koya. Gidajen dara 30 ne, layi 5 kowane da gida 6, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12. Ana fara zubawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a riƙa matsawa gida guda, gaba ko baya ko gefe, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Almajirin ya rubuta dokokin duka da ajami a takarda, a jere, ba tsallake, yadda ya saba da hadda. Suka yi jerin lambobi mai gurbi 30, gidan da ba kowa 0, na wannan 1, na wancan 2. Suka gano da kansu cewa maƙwabcin gida a gefe shi ne a ƙara 1 ko a rage 1, na sama da na ƙasa kuma a rage 6 ko a ƙara 6. Sai ga dutse yana fita ta ƙarshen layin farko yana ɓullowa a farkon na biyu, domin a lissafi 6 da 7 maƙwabta ne, a ƙasa kuwa wannan yana gabas wancan yana yamma. Wannan ya riƙe su har kusan mako biyu. Mafitar tana cikin wani koren tubali da ke ba da ragowar rabawa: duk gidan da aka raba lambarsa da 6 ba a samu saura ba, a bakin layi yake, ba a wucewa ta damansa. Yaron da aka ce ba shi da kan lissafi shi ne ya zauna yana raba lambobi da 6 a bayan kwalin sukari.

Da suka gama muka roƙi wani dattijo da ke buga dara a gindin bedi kusa da masallaci ya zo ya gwada. Ya ƙi taɓa linzami, sai dai ya nuna da yatsa a matsa masa. Bai jima ba ya kama su da laifi biyu: wasan yana barin mutum ya jera uku tun ana zubawa, kuma yana ba da ci ga wanda ya jera huɗu. Ya ce, "Ku gyara, wannan ba dara ba ce." Suka ce, "To Baba," suka koma. Ban taɓa ganin sun karɓi gyara da sauƙi haka ba.

A gefen duk wannan muna yin abin da na yi wa iyaye alkawari. Rabin kowane zama na buga rubutu ne da tsara kati da jera lissafi a tebur. Wanda hannunsa ya faɗa, nakan ba shi aikin masu zuwa shago in raba kuɗin da shi. Ɗan mai atamfa yanzu shi ke ɗaukar hoton kaya ya rubuta farashi ya sa a WhatsApp, har maƙwabtan babansa suna ba shi nasu suna biyan sa. Mun kuma zauna a kan ƴan damfara, masu kira su ce ka ci kyauta ko an turo maka kuɗi bisa kuskure, da dokar cewa lambar sirri ba a faɗa wa kowa. Na ja musu kunne sosai a kan manhajojin cacar ƙwallo, don na ga samarin da suka fi su shekaru sun zuba jarinsu a ciki. Masu samun aron wayar yayyensu kuma na sa musu OctoStudio, wadda mutanen da suka yi Scratch suka fitar a 2023 domin waya, kyauta, ba ta buƙatar intanet. Da ita suke ci gaba a gida.

Ba duka suka kai ƙarshe ba, kuma wannan yana ci mini rai. Da damina ta sauka a watan Yuni, kusan rabi suka tafi ƙauye noma, wasu ba su dawo ba. Wani yaro mai kaifin basira ya bi yayansa arewa wurin haƙar zinariya. Ɗaya daga cikin ƴan matan aka sa mata rana, uwarta ta zo har gida ta yi mini godiya ta ce zaman ya ƙare. Na kwafe mata ayyukanta a katin waya na ba ta. Ba ni da ikon riƙe kowa, kuma ba zan ce abin da muke yi ya maye gurbin lakwal ba. Yaro biyu da shekarunsu ba su yi nisa ba na bi iyayensu har aka mayar da su aji, kuma ina ganin wannan ya fi duk wani wasa da muka ƙera.

Bayan girbi, cikin Oktoba, za mu ɗauki sababbi. Na fara tara kuɗin batir da faifan hasken rana ko da na kwamfuta ɗaya ne. Mai ƙuli-ƙulin nan ita za ta koya wa sababbin ƴan mata linzami da madannai, na kuma yi magana da uwarta a kan abin da zan riƙa ba ta a madadin tallar safiyar Asabar. Ɗan yayata har yanzu yana tura baro Litinin da Juma'a. Sauran ranakun yana kan darar, yana so inji ya riƙa buga wa mutum da kansa. Ya kai inda injin yake zaɓar gidan da doka ta yarda ya matsa, amma da ka yake zaɓa, ko yaro ƙarami yana cinye shi. Abin da yake nema yanzu shi ne yadda zai sa shi ya fara duba ko akwai inda zai jera uku kafin ya taɓa kowane dutse.